Keken kwance mai taya uku: sabo ko na hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 61, ina zaune a Jidda. Likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda ciwon suga, amma sirdin keke yana sa min ciwon ƙugu, wuyana ya sanƙare, tafin hannuna ya yi ta mutuwa. Ɗana ya nuna min wani keke mai taya uku da ake tuƙawa a kishingiɗe. Mun ga na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, mun kuma ga sabo da sai an yi odarsa daga waje. Wanne zan ɗauka? Kuma ba za a ce keken guragu na saya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya. Za a faɗa kam, ko yaran unguwa sun isa. Sai dai a 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya hau keken kwance mai taya biyu da Charles Mochet ya ƙera, ya ci kilomita 45 da 'yan kai cikin awa ɗaya a Faris, ya karya tarihin duniya. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shiga gasarta da irinsa. Gudunsa ne ya ja masa.

Amma kai ba tsere za ka ba, don haka kafin maganar kuɗi a fara da awo. Ka zauna a ƙasa, ka jingina bayanka da bango, ka miƙe ƙafafu, ɗanka ya auna daga bango zuwa dunduniya. Wannan awon shi masu ƙera keken ke tambaya, domin a yawancinsu kujera ba ta matsawa, bututun gaba mai ɗauke da feda ake zarowa ko a tura ciki. Daidai shi ne idan feda ta kai ƙarshen nisanta, dunduniyarka na kanta, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugunka ya baro kujera ba. A nan masu sayen na hannu ke shan mamaki: duk inci ɗaya da aka zaro bututun, kaca na neman ƙarin inci biyu, tunda zuwa take ta dawo, kuma kacar keken nan ta kai tsawon ta keken gida kusan uku. Wani mai keken, in gajere ne, yakan yanke bututun ma. In an yanke kai kuma dogo ne, bar musu kayansu.

Ni dai na hannun zan fara zuwa gani, saboda shi kaɗai za ka iya hawa kafin ka biya. Sababbi na kamfanoni irin su ICE na Ingila, Catrike na Amurka, HP Velotechnik na Jamus da Azub na ƙasar Cek, kaya ne masu kyau, amma lissafa: keken dala 2,000 riyal 7,500 ke nan, harajin kashi 15 cikin ɗari kaɗai ya haura riyal dubu, ba a zo kan kuɗin jirgi da na kwastan ba. Duk wannan a kan abin da ba ka taɓa zama a kai ba.

In ka je, ka zauna ka tashi sau da yawa. Mai taya biyu a gaba ɗaya a baya ya fi riƙe kwana, amma kujerarsa ƙasa-ƙasa take, tashi daga kanta aiki ne ga mai ciwon gwiwa. Mai taya ɗaya a gaba biyu a baya ya fi tudu, ya fi sauƙin hawa da sauka, sai dai ya fi saurin ɗaga taya in an sha kwana da gudu. Ka zaɓi kujerar raga, wadda iska ke ratsawa. Ta roba mai tauri a gumin Jidda wanka za ka yi. Ka duba wuraren walda ko akwai tsaga, ka duba notuna, domin iskar teku ba ta barin ƙarfe. Ka karanta lambar da ke jikin taya: inci 20 iri biyu ne, 406 da 451, kuma ba sa shiga wilin juna. Mai 406 shi ne na kekunan yara da BMX, ƙananan kekunan wasan tsalle, kowane mai faci zai samo maka.

Ka kuma auna ƙofar gida da lif. Faɗin keken yakan kai santimita 80, nauyinsa kilo 15 zuwa 20, ba abin saɓawa a kafaɗa a hau bene ba ne.

Abu biyu ban yarda a yi musu sakaci ba. Na farko, feda mai maɗaurin dunduniya, don in ƙafa ta zame ta taɓa ƙasa keken na tafe, ƙarfen da ke gicciye tsakanin tayoyin gaba zai bi ta kanta. Na biyu, doguwar tuta da fitila, kuma ka tsaya kan hanyar keke ta Kurnish, a bakin teku, bayan Asuba ko bayan Isha. Direban babbar mota ba ya ganin abin da bai kai tsayin tagarsa ba. Jallabiya kuma a bar ta a gida a sa wando, ƙafafu a sama suke, kaca na bi ta tsakaninsu. Ka fara da giya mai laushi, domin bayanka na tokare da kujera za ka iya danna feda fiye da abin da gwiwa za ta ɗauka. Ka nuna wa likitanka hoton keken kafin ka biya.

Tambaya: Ina koyon walda a Makka. Zan iya haɗa irin keken nan da tsofaffin kekuna?

Amsa: Za ka iya, ƙanena, amma fara da keken kwance mai taya biyu kacal. Ka nemi tsofaffin kekunan ƙarfe. Na alminiyam in an yi masa walda yana rasa ƙarfi sai an sake gasa shi, kuma ba kowane shago ke da wannan ba. Wahalar mai taya uku, biyu a gaba ɗaya a baya, tana wurin sitiyari. A kwana, tayar ciki dole ta fi ta waje karkata, in ba haka ba ɗaya ta yi ta goge ƙasa. Sannan wilin gaba gefe ɗaya yake riƙe, siririn ƙarfen tsakiyar wilin keken gida zai lanƙwashe. Nemi na BMX mai kaurin milimita 14. Tuddan Makka kuma suna son ƙaramar giya sosai, tunda a keken kwance ba a miƙewa kan feda, da birki mai kama tayoyin gaba duka biyu don gangara.

Tambaya: Daga Riyad nake. Tayoyin gaban keken maigidana sun cinye cikin 'yan watanni, ta baya kuwa kamar sabuwa.

Amsa: Hajiya, tayoyin ba sa kallon hanya ɗaya. Ya zauna a kan keken, ke ki auna tazarar da ke tsakanin wilin biyu ta gaba, ki sake aunawa ta baya, a tsayin tsakiyar wili. Su zo daidai, ko ta gaba ta gaza da milimita 1 zuwa 2. In sun saɓa, a sassauta notunan sandar da ke haɗa tayoyin, a murɗa ta kaɗan-kaɗan ana sake awo, sannan a ɗaure. A gyara wannan kafin a sa sababbin tayoyi.