Ɗanyen katako da masu cewa abin da ya yi aiki shi ne gaskiya

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna tattara kayan aiki ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Ka ce abokinka ɗan jami'a ya ji ina yawan cewa "a gwada a gani", sai ya ce maka ai Ogan naka ɗan firagmatizim ne, masu cewa duk abin da ya yi aiki shi ne gaskiya. Kai kuma ka ɗora taka a kai: in haka ne, don me na hana ka haɗa wa Alhaji ƙofa da katakon da aka sauke makon jiya, alhali zai karɓa, ya yaba, ya biya? Ba aiki ya yi ke nan ba?

Abokin naka ya ji maganar, amma rabinta ya ɗauko. Na ci karo da waɗannan mutane tun ina kwalejin horon malamai, lokacin da ake shirya mu koyar da aikin katako, kuma ban daina bibiyar su ba. Abin ya faro ne a Amurka, a garin Cambridge inda jami'ar Harvard take, wajen 1872. Wasu samari masu ilimi suna haɗuwa suna muhawara, cikinsu akwai Charles Peirce da William James, da Oliver Wendell Holmes wanda daga baya ya zama alƙalin kotun ƙoli. Ba a daɗe da gama yaƙin basasar ƙasar ba, na 1861 zuwa 1865, wanda ya ci mutum fiye da 600,000, Holmes kansa sau uku ana ji masa rauni a fagen daga. A wannan zama suka riƙe wata magana ta wani malami ɗan Sikotilan, Alexander Bain, cewa abin da mutum ya yarda da shi shi ne abin da yake shirye ya yi aiki a kansa. Ka auna wannan da shagonmu. Wanda ya ce ya yarda bencin da ya haɗa yana da ƙarfi, amma ya ƙi zama a kai, to bakinsa ne ya yarda.

Peirce shi ne nawa a cikinsu, domin mutumin awo ne. Shekara kusan 30 ya yi yana aiki da hukumar safiyon gaɓar teku ta Amurka, yana auna ƙarfin jan ƙasa da ƙarfe mai lilo, aikin da kuskuren da bai kai silin gashi ba yake ɓata lissafi. A 1878 ya buga wata maƙala kan yadda mutum zai tsabtace tunaninsa. Ya ce in kana son sanin ma'anar wata magana, ka tambayi me za a gani a aikace in gaskiya ce. Ya kawo misalin lu'ulu'u: cewa yana da tauri, ma'anarsa in ka goga shi da wasu abubuwa da yawa ba za su karce shi ba.

To ɗauko katakon Alhaji. Mai timba ya rantse maka busasshe ne. Me hakan yake nufi a aikace? Yana nufin in ka yanki guntu ka ɗora a sikeli yau, ka sake ɗorawa bayan mako, nauyin ba zai ragu ba. Yana nufin in ka haɗa ƙofa a watan Agusta, iskar hunturu ba za ta buɗe mata baki a Janairu ba. Katako yana shan laima yana fitar da ita duk tsawon rayuwarsa, kuma ta faɗinsa yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Ɗanye kuwa ruwa ne cike da jikinsa. Ka taɓa wancan da bayan hannunka da safe, za ka ji sanyi. Ka sa masa zarto, garin da zai fito dunƙulewa yake yana manne wa haƙoran zarton, na busasshe kuwa tashi yake kamar ƙura. In ka haɗa ƙofa da shi, ranar da aka kafa ta lafiya lau take, fenti yana ƙyalli. Bari hunturu ya kama. Allunan za su tsuke, gam ya saki a mahaɗa, ƙyauren ya murɗe har sakata ta ƙi shiga raminta, a ga hasken waje ta tsakanin alluna. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake hana ka shafa gam a allon tsakiyar ƙofa. Ana barin sa ne cikin kwarminsa ya sami wurin motsi, in ka ɗaure shi tsagewa zai yi.

Ka ga ashe kuɗin da Alhaji zai biya ba su gwada ƙofar ba. Sun gwada idon Alhaji ne a rana ɗaya. Peirce bai taɓa cewa gaskiya ita ce abin da ya fisshe ka yau ba. Cewa ya yi ita ce matsayar da duk masu bincike za su tarar in suka ci gaba da gwaji har ƙarshe, kowa daga inda ya taso. A wajen ƙofa, masu binciken su ne damina da hunturu, da yaran gidan da za su riƙa bugo ta, da kafintan da za a kira gyara bayan shekara biyu ya tambayi wa ya yi wannan aiki.

Inda abokinka ya samo tasa fassarar, ina jin daga James ne, domin shi ya yayata abin, a wata lacca a Kalifoniya a 1898, sannan a littafinsa na 1907. Mutum ne mai daɗin baki, ya riƙa aron kalmomin kasuwa yana tambayar me tunani kaza zai biya in an kai shi canji. Masu suka, irin su Bertrand Russell na Ingila, suka kama shi da wannan, suka ce ya mai da gaskiya abin da ke da daɗi ko riba. James ya yi ta bayanin cewa yana nufin abin da ya ɗore a tsawon lokaci, in an duba ta kowane gefe, amma maganar ta riga ta fita. Peirce kansa bai ji daɗin yadda ake jan koyarwar ba, har a 1905 ya raɗa wa tasa wani suna dabam don a bambanta.

Duk da haka akwai abin da na ƙaru da shi wajen James, ina kuma amfani da shi kusan kullum. Ya ba da labarin wasu abokansa da suka yi ta gardama a kan kurege. Kuregen yana maƙale a jikin bishiya, mutum yana zagaya bishiyar don ya gan shi, shi kuma yana matsawa yadda kullum kututturen yana tsakaninsu. Shin mutumin ya zagaya kuregen ko bai zagaya ba? James ya ce su fara faɗin abin da suke nufi. In nufinsu ya bi ta arewa da gabas da kudu da yammacin kuregen, ya zagaya shi. In nufinsu ya bi ta gabansa da gefensa da bayansa, bai zagaya ba. Gardama ta mutu. Haka nake yi muku in kun kaure kan wane katako ya fi kyau, maɗaci ko farin katako. Kyau a wane aiki? Ƙofar waje da rana da ruwa za su daka, ko silin da ba mai taɓawa? Da an faɗi aikin, sai ka ga babu sauran abin musu.

Na uku cikin manyan wannan koyarwa, bayan Peirce da James, shi ne John Dewey, wanda malaman makaranta suka fi sani. A 1896 ya buɗe makarantar gwaji a jami'ar Shikago inda yara suke girki da saƙa da ɗinki da aikin katako, suna koyon lissafi wajen auna gari da auna allo. A ganinsa tunani yana farawa ne lokacin da aiki ya cije: ka tsaya, ka gano inda matsalar take, ka yi zato, ka gwada, ka duba abin da ya fito. Duk mai sana'ar hannu zai ce ai mun san wannan. Gaskiya ne, kuma abin da ya burge ni ke nan, cewa babban malamin jami'a ya tsaya ya ce aikin hannu tunani ne cikakke, ba na waɗanda karatu ya gagara ba.

Bayan rasuwar Dewey a 1952 abin ya yi sanyi, jami'o'in Amurka suka karkata ga nazarin harshe da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Richard Rorty ne ya sake hura wutar da littafinsa na 1979, Hilary Putnam da Cornel West su ma suka shigo. Sai dai Rorty ya yi nisa, ya nuna kamar a daina wahalar neman yadda abu yake a haƙiƙa, a tsaya kan abin da jama'a suka tattauna suka gamsu da shi. A nan na rabu da shi, kuma akwai malamai irin su Susan Haack da suka ƙi binsa suka koma wa Peirce. Ko duk kafintocin layin nan sun taru sun amince katakon Alhaji ya bushe, ranar da hunturu ya zo ba zai nemi shawararsu ba.

Abu ɗaya kuma kada ka ruɗe. Ni wannan hanya ta gwaji a kan aiki da al'amuran duniya nake amfani da ita. Sayar wa mutum abu kana ɓoye aibinsa algus ne, addini ya riga ya hana, ba sai mun jira hunturu ya gaya mana ba. Ko da ƙofar za ta tsaya da ikon Allah, ɓoyewar da ka yi tana nan a wuyanka.

Gobe in Allah ya kai mu ka yanko guntu daga tsakiyar ɗaya daga cikin allunan, ba daga baki ba, domin baki ya fi saurin bushewa. Ka kai wa mai sikelin awo ya auna, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da fensir, duk ranar Asabar ka sake aunawa. Sauran ka jera su a inuwa inda iska take ratsawa, ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara, ka sa ƙananan sanduna tsakanin allo da allo, ka danne saman da bulo. Alhaji kuma ni zan kira shi da kaina in faɗa masa zaɓi biyu: ya jira sai nauyin ya daina sauka, ko ya ƙara kuɗi mu yi masa da tsohon maɗacin da ke bayan shago.