Bayan aikin ƙone hanyoyin lantarkin zuciya, me ya sa tazarar QT ta ƙaru?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da karkarwar ɗakunan sama na zuciya, bugunta ba ya tafiya a kan tsari. Makonni uku da suka wuce aka yi mata aikin ablashan, wato ƙone hanyoyin lantarkin da ke tayar da karkarwar. Da aka sake gwajin ECG, na auna lantarkin zuciya, sai aka ce tazarar QT ta ƙara tsawo, bugun zuciyarta ma ya fi na da sauri. Tana shan sotalol, maganin daidaita bugun zuciya. Ko aikin ne ya lalata mata wani abu?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Inda aka yi aikin daban, inda QT ke aunawa daban. Tun 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa yawancin tartsatsin da ke tayar da karkarwar yana fitowa ne daga bakin jijiyoyi huɗun da ke dawo da jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu. A nan ake zagaye bakin da tabo, ko da zafi, ko da sanyi, ko da gajeren bugun lantarki. QT kuwa lokacin da ɗakunan ƙasa ke ɗauka ne daga fara bugu har ƙwayoyinsu su sake caji, fotasiyam ya fita, su shirya wa bugu na gaba. Ba a taɓa waɗannan ɗakuna ba.

To ta ina canjin ya shigo? Mafi yawa ta jijiyoyin saƙo. A cikin kitsen da ke jikin bangon ɗakin hagu, dab da inda ake ƙonawa, akwai curin jijiyoyin da ke isar da umarnin rage wa zuciya gudu. Zafi ko sanyin aikin kan shafe su, sai bugun ya ɗan ƙaru, wani lokaci har watanni. Jijiyoyin nan suna da hannu a sake cajin ɗakunan ƙasa, shi ya sa ake ganin QT ta ɗan miƙe a kwanakin farko, an fi lura da haka a mata, galibi kuma tana komawa yadda take. Akwai kuma batun lissafi: tsarin Bazett, lissafin da na'urori da yawa ke gyara QT da shi gwargwadon saurin bugu, yana zuzuta lambar idan bugu ya yi sauri. Ki roƙi likitanta ya auna da hannu, ya gwada wani tsarin lissafin, na Fridericia.

A ɗakunan sama, canjin alheri ne. Doguwar karkarwa tana gajarta lokacin hutun ƙwayoyinsu, abin da ke sa cutar ta ƙara kafuwa. Idan bugu ya daidaita, hutun yana dawowa a hankali.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne sotalol. Maganin yana toshe ƙofar da fotasiyam ke fita, yana tsawaita QT da gangan, kuma tasirinsa kan fi bayyana bayan zuciya ta fita daga karkarwa. Ta ƙoda yake fita, don haka idan ƙodar dattijuwa ta yi rauni, yana taruwa a jini. Idan aka haɗa da maganin fitsari, ko amai da gudawa da ke zubar da fotasiyam da magniziyam, ko magunguna irin su azithromycin na kashe ƙwayoyin cuta da ondansetron na tsayar da amai, hatsarin mugun bugun ɗakunan ƙasa yana ƙaruwa. Ga mace, QT da aka gyara ta kai milisakan 460 tana kan iyaka. Idan ta haura 500, a ranar ya kamata likita ya sake duba maganin.

Kada Mama ta daina sha da kanta. Ku koma da duk magungunanta a hannu, a gwada fotasiyam, magniziyam da aikin ƙoda, a maimaita ECG. Idan ta suma, ko jiri mai tsanani ya ɗebe ta tare da faɗuwar gaba, ku kai ta sashen gaggawa nan take, kada ku jira ranar ganin likita.