Ƙanwata, ki rage garuruwan nan, ƙafar Baba za ki bi

Salamu alaikum ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki na kasa wucewa, don kamar labarina kika ɗauko kika rubuta. Kin ce Baba zai zo bikin kammala karatunki, kuna da kwana 10, wani mai shirya tafiye-tafiye ya kawo miki tsarin zaga Faransa, Faris, Strasbourg, Liyon, Nis da Bordo a mota ɗaya, har da yini guda a gonakin inabi, kuma kina tsoron wurin giya ne, bai dace da dattijo ba. Don girman Allah kada ki biya kuɗin nan tukuna.

A watan Yulin 2019 na kawo mahaifina daga Maraɗi. Shekararsa 72 a lokacin, ga ciwon suga, ga gwiwa. Wani ɗan wajenmu ne ya haɗa tafiyar, mutumin da muke gaisawa da shi a wurin suna da ta'aziyya, shi ya sa ban tsaya bincike ba. Na zauna da shi na ce masa Alhaji ba ya shiga inda ake giya, ba ya iya doguwar tafiyar ƙafa, kuma dole ya ci abinci a kan lokaci saboda maganinsa. Ya dafa ƙirji ya ce ai mahaifinsa ne shi ma. Na biya kuɗin mutum biyu cif, kin kuwa san yadda yuro yake in aka juya shi sefa, kowane ɗaya 656, kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa.

Gari biyar a kwana shida. Asuba a mota, dare a mota. A sauke mu, a ce minti arba'in, a ɗauki hoto, a koma. Azahar da la'asar a tashar mai ta bakin hanya muke haɗa su. Baba bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, sai dai na ga ƙafarsa tana kumbura kullum.

Ranar Saint-Émilion, wani garin gonakin inabi kusa da Bordo, ce ba zan manta ba har in koma ga Allah. Makon nan ne zafi ya haura digiri 40 a Bordo. Garin a jikin tudu yake, hanyoyinsa na dutse ne masu gangare da santsi, ko matashi sai ya yi hattara. Mutumin nan yana gaba yana ɗaga hannu mu yi sauri, Baba yana baya yana dafa bango. Daga nan aka kai mu wata gona, aka ce kowa ya sauka rumbun ƙarƙashin ƙasa a ɗanɗana giya. Baba ya ce shi ba zai shiga ba, a hankali ya faɗa, bai ɗaga murya ba. Na ce to a buɗe mana mota mu zauna a sanyi. Mai shirya tafiyar ya ce direba ya tafi cin abinci da makulli. Na tuna masa alkawarinsa. Sai ya juyo gaban mutane ya ce, "Alhaji, nan Turai ce, ba a jiran kowa, in ba za ka iya ba ai da ka zauna gida." Mahaifina, wanda a unguwarmu ba a wuce ƙofarsa sai an durƙusa. Wallahi har yanzu da nake rubutawa hannuna rawa yake.

Kusan awa biyu muka yi a gindin katanga, inuwar ba ta kai tabarma ba. Ruwanmu ya ƙare. Na ga gumi ya keto masa, leɓensa ya bushe, yana ce mini ba komai, ba komai. Wata tsohuwa Bafaranshiya mai aiki a gonar ce ta gan mu, ta kawo kujera da ruwan sanyi da sukari, Allah Ya saka mata. Da suka fito aka kai mu cin abinci, naman da aka kawo da giya aka dafa shi, burodi kawai Baba ya ci. Na nemi ko rabin kuɗina ne, mutumin ya daina ɗaukar wayata. Har yau muna haɗuwa a taro, ya ce mini "Hajiya ina gajiya" kamar babu abin da ya faru. Haƙuri ɗaya bai taɓa bayarwa ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To a 2022 Baba ya sake zuwa, da ƙyar na shawo kansa. Wannan karon ni na tsara, wuri uku kacal: Faris kwana huɗu, Liyon uku, Beaune biyu. Abu ɗaya da safe, a dawo a yi salla a kwanta, in akwai ƙarfi a fita da yamma. Shi nake so ki yi.

A Faris kada ki kai shi gidan tarihi na Louvre, girmansa kaɗai zai kashe masa ƙafa. Ku je Pont Neuf. Sunan yana nufin sabuwar gada, amma ita ce mafi tsufa a cikin gadoji 37 da ke kan kogin Seine a birnin, tun 1607 aka gama ta. Abin da ya sa na ce ita, a jikinta akwai lunguna masu kujerun dutse, ku yi taku kaɗan ku zauna, ku sake tashi. Baba ya yi awa guda a nan da carbinsa yana kallon jiragen ruwa, ya ce bai san haka garin yake da kyau ba, alhali mun ratsa ta wurin a mota shekara uku baya. Gidan tarihi kuwa ki zaɓi ƙanana. Carnavalet na tarihin birnin ne, shiga kyauta, amma ba ya buɗewa Litinin. Orangerie kuma Talata yake rufe, ɗakuna biyu ne na zanen furannin kan ruwa na mai zane Monet, da benci a tsakiya. Juma'a ku tafi Babban Masallacin Faris da wuri, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan salla ku sha shayi mai na'ana'a a gefensa.

Af, kafin in manta, ki gaya wa su Inna kada su sa masa kilishi a jaka, ba a yarda a shigo da nama ba, za a karɓe. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa su ne za su yi miki amfani. Kuma ki kama masauki mai kicin da lifta, ki tambaya ƙarara kafin ki biya, don tsoffin gidajen nan hawa biyar ne da matakala ƙunci.

Faris zuwa Liyon awa biyu ne a TGV, jirgin ƙasa mai gudu, ki sayi tikiti tun yanzu ya fi sauƙi. Koguna biyu ne suka haɗu a garin, Rhône da Saône, kuma ƙananan gadojin ƙafa na kan Saône sun fi daɗi da yamma, babu mota babu hayaniya. Ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin C zuwa Croix-Rousse, unguwar masaƙan alharini, ku shiga Maison des Canuts, inda ake tada tsohuwar masaƙa a yi saƙa a gabanku. Da na fassara wa Baba cewa masaƙan nan sun yi bore a 1831 saboda 'yan kasuwa suna karya musu kuɗin aiki, sai ya girgiza kai ya ce haka dillalai suke yi wa manomin gyaɗa. Abinci na halal kuma, unguwar Guillotière, ba sai na gaya miki ba.

Yanzu maganar inabi. Fatawa ta malamai ce, ni abin da muka yi zan faɗa miki. Ba mu shiga rumbu ba, ba mu zauna inda ake sha ba, ba mu sayi kwalba ba. Gona muka je gani, Baba kuwa manomi ne. Beaune, ana faɗinsa Bon, ƙaramin gari ne shimfiɗaɗɗe, jirgin ƙasa na TER daga Liyon bai cika awa biyu ba. A bakin garin akwai lambun Bouzaize, kina fita bayansa kin shiga gonaki, layi-layi har saman tudu, kowace da guntuwar katangarta ta dutse. Farkon Satumba muka je, ana tsinka, ma'aikata da bokitai da almakashi. Baba ya durƙusa ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ce tsakuwa ce zalla, yaya take ba da amfani haka? Wani dattijo mai duba ma'aikata ya tsaya, ni ina tafinta. Ya nuna masa wani kumburi a gindin itacen, ya ce a ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro da ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabin Faransa, sai da aka ɗora nasu a kan saiwar inabin Amurka sannan gonaki suka tashi. Baba ya yi dariya ya ce ashe aure aka yi masa, kamar mangwaro! Sun fi rabin awa suna maganar ƙanƙara da fari da tsadar 'yan ƙwadago. Mutumin ya tsinko nono guda ya ba shi da hannunsa. Ku dai kada ku tsinka da kanku, gonar mutane ce. A daren nan na ji shi a waya yana ba ƙaninsa labari, murya a sake, na shiga banɗaki na yi kuka, don na tuna gindin katangar nan ta Saint-Émilion.

A cikin garin ku shiga Hôtel-Dieu, asibitin talakawa da Nicolas Rolin da matarsa suka kafa a 1443, mai rufi kala-kala. Gadajen marasa lafiya suna nan a jere da jajayen labulensu, da kicin, da ɗakin haɗa magani. Awa ɗaya da rabi ta isa. Asabar da safe kuma kasuwa take ci.

Abincin yankin nan ne sai kin buɗe ido sosai. Boeuf bourguignon, coq au vin, oeufs en meurette, duk da giya ake dafa su. Jambon da lardons alade ne, suna ɓoye shi har cikin salak. Ko kwalbar mustad ki karanta, in kin ga vin blanc, wato farar giya, ki ajiye. Ki fara da bonjour, sannan ki ce sans alcool, sans porc, wato ba giya ba alade, har cikin miya, ki maimaita, kada kunya ta hana ki. Ni kunya ce ta cuce ni a 2019, da na buɗe baki tun ranar farko da ba a kai ga haka ba. Mu kifi muka riƙa ci, ko in dafa a masauki. Gidajen abinci na ƙananan garuruwa suna rufe kicin wajen ƙarfe 2 na rana sai dare, Lahadi kuma yawancin shaguna a kulle, ga mai suga wannan ba abin wasa ba ne. Dabino da ruwa kada su bar jakarki.

Nis da Strasbourg ki bar su sai wani zuwan. In ranki ya kafe a kan Bordo, to ki ɗauke ta a madadin Liyon da Beaune, kada ki haɗa. Awa biyu da 'yan mintuna ne daga Faris, ga Pont de pierre mai baka 17 a kan kogin Garonne, ga Musée d'Aquitaine mai ɗakunan tarihin cinikin bayi da garin ya yi. Amma Saint-Émilion da gwiwar tsoho, ni dai a'a.

Ki saya masa takalmi mai taushi ya fara sawa tun a gida, maganinsa da takardar likita su zauna a jakar hannu, ba a babbar jaka ba. In kin tsai da ranakun ki yi mini magana ta ciki in duba miki lokutan jiragen. Ki gaishe mini da Baba, Allah Ya kawo shi lafiya, Ya sa albarka a karatun.