Me ya sa mutanen kirki ke daina biyan kuɗin gyaran rijiya?

Tambaya: Malam, a unguwarmu mun yi karo-karo mun haƙa rijiyar burtsatse, muka amince kowane gida zai riƙa ba da wani abu duk wata don gyara. Da farko kowa na biya. Yanzu ko rabi ba sa kawowa, alhali kowa na ɗiba. Kuma ba mugaye ba ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Me ke faruwa?

Amsa: Ɗan'uwa, na yarda ba mugaye ba ne. Abin da ya faru shi ne nauyin ya rarrabu har kowa ya daina jin nasa. Tun 1913 wani injiniya Bafaranshe, Max Ringelmann, ya nuna cewa idan mutane suka taru suna jan igiya, kowannensu yakan rage ƙarfi, ba kamar lokacin da yake ja shi kaɗai ba. Wanda bai biya ba ya san famfon ba zai tsaya saboda kuɗinsa kaɗai ba, kuma babu fuskar wani da zai ce shi ya cuta. Laifin da ba shi da fuska kuwa ba ya hana barci.

Sai maganar yarda, wadda a ganina ta fi nauyi. A wani gwaji na zuba kuɗi a asusun haɗin gwiwa da masana tattalin arziki Fischbacher, Gächter da Fehr suka wallafa a 2001, rabin mahalarta suna bayarwa ne gwargwadon yadda suka ga wasu na bayarwa, kashi 30 cikin 100 ne kawai suka ƙi sam. Da zarar mai biya ya ga maƙwabcinsa na cika jarka bai ba da ko sisi ba, sai ya ji an mai da shi wawa, shi ma ya janye.

Dubi adashi. Uwar adashi na da littafi, ta san wanda ya zuba da wanda ya yi lattin zubi, kuma wanda bai zuba ba ya san kwasar wa ya riƙe. Shi ya sa yakan daɗe.

Ku yi haka. A karanta sunayen waɗanda suka biya duk wata a gaban mai unguwa, a faɗi abin da aka kashe wajen mai gyara har kwabo. Gidan da babu hali, a yafe masa a fili. Wanda ya maƙale kuma, mutum biyu su same shi a zaure su ce: "Alhaji, naka muke jira mu sayo bututu."