Ma'anar walƙiya da inda ake kuskure da ita

Ɗan'uwa, ka tambaya mene ne ainihin ma'anar walƙiya, kuma me ake nufi idan aka ce "an yi walƙiya" alhali babu ko hadari.

A zahiri walƙiya ita ce hasken nan da ke keta hadari, wal, ya ɓace. Haske kawai. Ƙarar da ke biyo baya ita ce tsawa, rugugin da ake ji daga nesa kuma cida. Wadda ke saukowa ta tsaga bishiya ko ta kashe shanu ana ce mata tsawa, ko aradu, ko kwarankwatsa. Nan masu fassara labarai ke yawan tuntuɓe, sai ka ji "walƙiya ta kashe mutum uku". Bahaushe cewa yake yi tsawa ta faɗa musu. Haka ma rantsuwa: da aradu ake yi, ba da walƙiya ba.

Abu ɗaya ne ke haifar da hasken da ƙarar, amma haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa wajen mita 340. Da ka ga walƙiya fara ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa, ka raba da 3, ka sami nisan a kilomita. In tazarar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, ka bar gindin bishiya ka shiga ɗaki.

Sauran ma'anonin duk daga gajartar hasken suka fito. "Ya wuce kamar walƙiya" sauri ne. "Takobi na walƙiya" ƙyalli ne mai ɗaukar ido, saɓanin sheƙi da ke zaune a jikin shadda.

Wadda ka tambaya ta fi su zurfi. Ka ɗauki daren damina, duhu ko tafin hannunka ba ka gani, sai walƙiya ta haska, ka hango mutum laɓe a bakin zaure. Da can yana nan, duhu ne ya rufa masa asiri. To idan rabon gado ko bashi ya fito da halin wanda aka yarda da shi, sai a ce "an yi walƙiya, mun gan shi". Kada a faɗe ta a kan wanda tuntuni kowa ya san halinsa, domin sai da duhu maganar ke zama daidai.

Wajen rubutu a sa ƙ mai lanƙwasa. Walki na fata shi ne mai k.