Golf: Me Ke Sa Ƙwallo Karkata Dama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata shida ke nan ina koyon golf, kuma da hannun dama nake bugu. Duk lokacin da na buga da doguwar sanda, sai ƙwallon ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin ciyawa. Ina mafita?
Daga wani mai karatu a Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, laifin ba na sandar ba ne, kada ka yi gaggawar sayen wata. Fuskar sandar ce ke kallon dama lokacin da ta taɓa ƙwallon, alhali kan sandar yana sharowa daga waje, wato gefen da ke nesa da jikinka, zuwa hagu. Wannan saɓanin ne ke murza ƙwallon.

Fara da riƙo. In ka duba hannunka na hagu, ya kamata ka ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku. In ɗaya kake gani, juya hannun zuwa dama kaɗan. Kada ka damƙe sandar kamar ƙotar gatari, tsantsar damƙa tana hana fuskar rufewa, wato juyowa ta kalli inda ka nufa.

Sannan ka ajiye doguwar sandar, ka ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7. Aje kwalin da ba komai a ciki daura da ƙwallon ta waje, tazarar yatsu huɗu. Buga ƙwallo 30 da rabin lilon sanda. Duk sanda ka taɓa kwalin, daga waje ka sharo.

Masu koyo kan juya kafaɗa hagu don su rama karkatar, sai abin ya ƙaru. Shimfiɗa sanda a gaban ƙafafunka tana nuna inda ka nufa, ka daidaita kafaɗunka da ita kafin kowane bugu.