Kumburin ƙafar ma ka rubuta shi

Toh ɗana, ka ce tunda ka fara zuwa kamfanin robar nan na Sharaɗa kullum ƙafa a kumbure kake dawowa kunne na ta ƙara, wai ko ka haƙura da tsayuwar ka riƙa kiran ma'aikatan a waya kana musu tambayoyin bincikenka. A'a, kar ma ka soma.

Kumburin nan ka sa shi a littafinka, ƙarfe nawa ya fara, a gaban wane inji, don a irin bincikenmu da ba ƙirge muke ba jikinka na cikin kayan aiki. Manaja zai ce maka ai ana ba su hutun rabin awa kuma ba ƙarya ya yi ba, amma sai ka taka da kanka daga bakin inji zuwa famfo ka bi layin alwala ka yi salla ka dawo, sannan za ka san minti nawa ya rage wa mutum ya sa loma a baki.

Akwai wani Bature mai binciken zamantakewa, Michael Burawoy, a 1974 ya kama aikin inji a wata masana'anta kusa da Shikago a Amurka, wata 10 yana yi, ashe ma a nan wani mai bincike Donald Roy ya yi irin wannan binciken shekara 30 baya. Ana ƙara wa mutum kuɗi ne gwargwadon abin da ya ƙera. Burawoy ɗin da ya shiga da aƙidar sukar jari-hujja fa, sai ga shi sharkaf da gumi yana tsere da agogo don ya cika adadin ranar, in ya cika har daɗi yake ji. A jikinsa ya gane me ke sa ma'aikata kashe kansu da aiki ba tare da an tsaya musu a ka ba, abin ya koma gasar nuna gwaninta. Dan Allah wa zai gaya masa wannan a waya?

Sai dai ka kula, gajiyarka ba tasu ba ce, kai baƙo ne, wanda ya shekara goma a wajen wataƙila ba ƙafa ke damunsa ba, baya ne ko ƙirji, don haka abin da ka ji ka mayar da shi tambaya. Kuma su ma suna karanta ka, in suka ga ka sauko daga motar manaja da shadda kana ƙamshin turare shikenan ɗan rahoto ne kai, bakin kowa zai mutu. Ka hau adaidaita kamar kowa, ka ci a wajen mai abincin da suke ci.

Kunnen kam ba a wasa da shi, gobe ka roƙi mai kula da sashen ya ba ka abin toshewa kafin ka shiga.